Ɗunɗun Baba Mai Faci

Babana mai faci ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a, a rumfa ɗaya, a ƙofar gidan da aka haife mu. Rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu, da benci guda, da injin iska wanda sai an lallashe shi yake tashi, da wani bahon ƙarfe cike da ruwa inda yake tsoma tib, wato robar cikin taya, ya ga ta ina kumfa ke fita. Ni kuwa ina aiki a kantin magani da ke tsallaken titi, daidai saitin rumfarsa. Saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, kuma har yau in na tuna yadda ya ƙare sai na yi ajiyar zuciya.

Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa taya zai amsa sallamarka, ya nuna maka benci, daga nan sai ƙarar ƙarfe. Amma yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta san shi da ita. Duk abin da ya zaro daga tayarka, ƙusa ce, waya ce, ko fasasshiyar kwalba, sai ya ce ka buɗe hannu, ya ɗora maka a tafi, ya ce, "Ga ɓarawonka." Bai taɓa yin faci biyu inda huji ɗaya ne ba. In tib ya gama mutuwa zai gaya maka gaskiya ka je ka sayi sabo, ko da a ranar bai yi cinikin komai ba. Ba mu tashi mun ga dukiya a gidanmu ba. Abin da muka gani shi ne, duk inda muka shiga aka ce 'ya'yan Mai Faci ne, sai a sakar mana fuska.

Rauninsa ɗaya ne, shuka. Mutumin da ba ya ɗaga kai in mota ta yi ƙara a titi, in ya ga fure a katangar wani sai ya tsaya ya saki baki. Matsalar ita ce a unguwarmu sau biyu ruwa ke zuwa famfo a mako, shi ma in ya ga dama. Inna, mahaifiyarmu, ita ke riƙe da randuna da jarkoki, kuma ba ta wasa da su. In ta hango Baba ya doshi randa da gwangwani, gyaran murya kawai take yi, ya juyo kamar dama wucewa zai yi. Ruwan da yake da iko da shi a duniya shi ne na bahon nan, wanda yake sauyawa duk Asabar, baƙi ƙirin, ƙurar roba na yawo a kansa.

Da wannan ruwa ya yi shekaru yana ƙoƙarin raya furanni a cikin tsofaffin tayoyi da ya cika da ƙasa ya jera a gaban rumfa. Jan fure, farin fure, mai ƙamshi, mai faɗin ganye, babu wanda bai gwada ba. Mako uku ne iyakar kowanne. Mu yara muna kiran jerin tayoyin nan maƙabarta, a bayan idonsa.

Shekara goma sha biyu ke nan yanzu da wani direban babbar mota ya tsaya gyaran taya bayan doguwar tafiya. Baba na ƙarƙashin motar ya ga wani abu ya maƙale a ƙarfen bayan taya, dunƙulen kwanso busasshe, a murɗe kamar yatsu sun sarƙe. Ya girgiza shi ya ji 'ya'ya na ƙara a ciki. Da ya sallami direba sai ya shiga gida da shi ya nuna wa Inna, domin ita a ƙauye ta tashi, tana kiwon awakin kakarta har ta yi aure.

Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Ɗunɗu ne. Jefar da shi."

"Yana fure?" in ji Baba.

"Yana ƙaya."

"Na ji. Yana fure?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Da ya ga ba ta ce a'a ba, sai ya fita ya shuka 'ya'yan a maƙabarta.

Wata biyu shiru, ko tsinke bai leƙo ba. Kullum da safe sai ya tsuguna ya ƙura wa ƙasa ido. Rannan Inna ta gaji da ganinsa haka, bakinta ya suɓuce ta ce, "Malam, wahalar banza kake yi. Ɗan ɗunɗu ba ya tsira sai akuya ta ci ta kasayar da shi." Ta faɗa ne don ya haƙura, tun da ba mu da akuya. Shi kuwa kwana biyu ya yi yana juya maganar. Me cikin akuya ke yi wa iri? Goge masa baya yake yi, ruwa ya samu hanyar shiga. To ai wannan aikinsa ne na kullum. Ya tono 'ya'yan, ya sa tabaransa, ya ɗauko samfefar da yake goge tib kafin ya shafa gam, ya zauna yana goge su ɗaya bayan ɗaya, ƙanana da su, ba su kai ƙwayar wake ba. Masu kawo gyara suna tambayarsa ko lafiya. Kwana tara bayan haka guda bakwai suka fito.

Murna ta sa ya kusa kashe su. Ya riƙa ɗura musu ruwa safe da yamma, har da wanda ya sato a randa, biyu suka yi rawaya suka ruɓe. Daga nan ya gane cewa wannan shuka ba ta son a dame ta. Gwangwani ɗaya na ruwan baho duk Asabar ya ishe ta, in ta yi ƙarfi ma ko wannan ba ta nema. Ya gane saiwarta mai yawo ce, in ka bar ta sai ta ɓullo a tsakar gidan maƙwabci, don haka ya ɗora tayoyin bibbiyu a kan falalen siminti. Ya koyi aske rassan don kada su wuce kafaɗarsa, kuma duk abin da ya aske buhu yake zubawa ya kai murhu. Guda huɗu ya bari a gaban rumfa, na biyar ya shigar da shi tsakar gida.

In rani ya yi tsanani ɗunɗu kan zubar da ganye ya tsaya tsirara, toka-toka, ka rantse ya mutu. Baba sai ya kankare bayan reshe da farce, ya ga kore, ya koma aikinsa hankali kwance. Da an yi ruwan farko sai ganye ya feso, ƙanana sirara masu laushi, waɗanda ke rufewa in rana ta faɗi. Sannan furen ya zo. Ranar da na fara ganinsa ban yarda daga wannan mummunan icen ya fito ba. Yana reto ne kamar tuntun hula, rabin sama ruwan hoda, rabin ƙasa rawaya. 'Yan mata masu wucewa makaranta suka riƙa tsayawa ɗaukar hoto, matan manya suna sauke gilashin mota suna tambayar daga wace ƙasa aka kawo shi. Baba ya kan ce, "Daga ƙarƙashin mota," ya ci gaba da buga iska.

Inna ce kaɗai ba ta taɓa yaba masa ba. Na tsakar gida yana kusa da igiyar shanya, kuma da iska ta kaɗa sai ya kamo zane. Tana da lissafin duk wanda ya yaga a kanta, ta kan jero su in rai ya ɓaci: atamfa mai ganye, mayafin zuwa biki, rigar makarantar autarmu, zanin gado guda biyu. "Na baro ƙaya a daji na zo birni," in ji ta, "ashe ta biyo ni a mota." Shekara goma sha ɗaya ana wannan, ba ta sare shi ba, ba ta kuma yafe masa ba.

A ƙarshen ranin bara abin ya faru. Akwai tashar masu baburan haya a kwanar titinmu, kuma duk Baba ne ke yi musu faci. Shugabansu wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai faɗin murya, suna kiransa Ba-Birki, wai don bakinsa, ba don tuƙinsa ba. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya turo babur taya a kwance. Baba ya ɓalle ta, ya shafa cikinta da yatsa, ya sa filaya ya zaro abin. Ina tsaye a ƙofar kantinmu na ga ya daɗe yana kallonsa. Ba ƙusa ba ce. Tsinin ƙaya ne, ɗan guntu bai kai gaɓar yatsa ba, roba ta mai da shi baƙi. Bai ce wa mai babur ya buɗe hannu ba. Ya jefa shi a wani gwangwanin madara ya yi facinsa.

Washegari biyu suka zo. Kafin mako ya ƙare gwangwanin ya fara ƙara in an girgiza shi. Kuma kusan dukkansu a daidai rumfar Baba iskar ke ƙare musu, ko 'yan taku kaɗan kafin ta.

Ba sai an gaya maka abin da mutane suka fara raɗawa ba. Mai faci, ga itatuwan ƙaya huɗu a bakin titi, ga tayoyi na sacewa a ƙofarsa. Na fara jin maganar ne a bakin wata mai sayen maganin tari da ba ta san ni ba. Ta ce wa abokiyarta, "Tsohon nan wayo gare shi, ya shuka kasuwarsa da hannunsa." Saura kaɗan in hana ta maganin.

A nan Baba ya yi kuskuren da shi kaɗai zai iya yi. Duk wanda ya zo da ƙaya a taya, sai ya yi masa faci ya ce ya tafi kawai. In an miƙo masa kuɗi sai ya mai da hannunsa baya. Shi a zuciyarsa, tun da bai tabbatar ba, ba zai ci abin da yake shakka ba. Su kuwa masu babura wani karatu suka yi wa abin. Ba-Birki ya zo da kansa ranar Litinin, ya tsaya a gaban rumfa, mutanensa a bayansa.

"Baba, muna ganin girmanka," in ji shi, da muryar da har a kantinmu ana ji. "Amma mutum ba ya aiki kyauta sai ya san abin da ya taka. Mu da tayar nan muke ciyar da iyali. Rabin yini a kan benci, fasinja na wucewa. Ko ka cire itatuwan nan kafin Juma'a, ko mu san inda za mu kai magana."

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Ni ban gaji haƙurin Baba ba, na Inna na ɗauko. Na ce masa, "Kai Ba-Birki, ranar da aka saya maka babur na farko wa ya koya maka sa iska? Shekara goma sha ɗaya itatuwan nan na nan, sai bana suka koyi tafiya?"

"Koma bakin aikinki," in ji Baba, a hankali.

"Baba, ƙarya suke yi maka!"

"Kin tabbata?" Ya ɗago ya dube ni. "Ni ban tabbata ba."

Da yamma da na matsa masa ya yi mini bayani. Yana aske rassa duk shekara. Wa ya sani ko wasu na zubewa kafin su kai buhu? Wa ya sani ko iska na kwashe su zuwa titi? Bana itatuwan sun fi kowace shekara girma. Ya gwada guntayen da ƙayar ɗunɗu, amma guntu ne baƙi, tsini dai tsini, idonsa kuma ba na da ba ne. Ya ce, "Ba sarewar ce ke damuna ba. In tawa ce, to tun yaushe? Mutum nawa na huda wa taya, na karɓi kuɗinsa, na ce masa ga ɓarawonka, alhali ɓarawon na zaune a gabansa?"

Daga ranar abinci ya daina shiga. Inna ta zuba, ya taɓa, ya rufe. Masu babura suka fara tura baburansu su wuce ta gabansa, kai a sunkuye, zuwa wurin wani mai faci can bayan kasuwa. Har masu keke da masu kura suka bi sahu. Na ga Baba zaune a benci tun safe har azahar, hannuwansa a kan gwiwa, tsaf da su babu baƙin mai. Tun da nake ban taɓa ganin hannunsa da tsabta da rana ba, kuma ban so ganin ba.

Ranar Talata da la'asar ya shigo gida da gwangwanin madarar, ya ajiye shi a kan ɗan dakalin da ke kusa da ƙofar kicin, ya je yana wanke fuska. Inna ta zo wucewa ta leƙa. Ta ɗauki guntu ɗaya, ta juya shi, ta kankare da farce, ta kalle shi a haske. Sai ta mayar, ta goge hannu a zane, ta shige kicin. Ni ina wajen, ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Alhamis da safe ina buɗe kanti na ji ƙarar wasa adda. An yi yayyafi kwana uku kafin nan, itatuwan sun fara fitar da 'yan kunnuwa kore. Baba ya naɗe hannun riga ya doshi na farko, wanda ke kusa da injin iska. Icen ɗunɗu tauri gare shi kamar ƙarfe, ga shi mutumin ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Sara yake yi yana hutawa. Masu babura suka taru a tsallake suna kallo, har da Ba-Birki. Ni kuwa ina riƙe da ƙofar kanti, hawaye na zuba, ina jin haushin kowa. A sara na goma sha wani abu icen ya kwanta. Baba ya share gumi, ya matsa wurin na biyu.

Sai ga Inna ta fito, hannuwanta duk kumfar wanki, mayafi a karkace.

"Malam, ajiye addar nan."

Ya juyo yana haki.

"Na ce ka ajiye. Ina gwangwanin?" Ta ɗauko shi da kanta, ta ɗaga murya. "Kai mai baki, tsallako. Ku ma ku zo."

Suka tsallako sumui-sumui. Ta zazzage guntayen a kan benci, ta ɗauki ɗaya ta kankare baƙin da farce, ta sa shi a gaban hancin Ba-Birki.

"Wane launi ka gani?"

"Fari, Inna."

Ta sa farce biyu ta karya shi, ya ce ƙas. "Ka ga cikinsa? Fayau, kamar karan tsintsiya." Sannan ta sunkuya kan icen da aka sare, ta kama ƙaya ɗaya, ta murɗa, ta ja, da ƙyar ta rabo ta. "Ungo wannan. Karya."

Ba-Birki ya sa ƙarfinsa, ta lanƙwashe ta ƙi karyewa, ta soke shi a babban yatsa. Wani a baya ya yi dariya.

"Ƙayar ɗunɗu reshe ce," in ji Inna. "Ice ce har ciki, ga ma idon ganye a jikinta. Ba ta faɗuwa da kanta, sai an sare ta. Kuma in ta shiga tayarka ba za ka yi taku goma ba, don ba huji take yi ba, ƙofa take buɗewa. Wannan ta cikin gwangwani farar ƙaya ce. Bibbiyu take fitowa, doguwa, siririya, in ta bushe iska ma karya ta take yi."

"Inna, ƙaya ai ƙaya ce," in ji Ba-Birki yana tsotsar yatsa.

"Babur ma ai babur ne. Me ya sa kuke yini kuna musu a kan wanne ya fi wanne? Yaro, shekara tara na yi ina bin awaki ba takalmi. Tafin ƙafata ya san kowace ƙaya da sunanta." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Babu farar ƙaya a titin nan. Ta ina kuke bi kafin ku iso nan?"

Suka fara kallon juna. Can wani siriri a cikinsu ya ce, tun da aka fara haƙa babban titi don sa bututu, ta lungun bayan gidan burodi suke yankewa.

"Tun yaushe?"

"Kamar mako uku."

"Mu je," in ji Inna.

Na rufe kanti ban ko nemi izini ba. Inna a gaba, kumfa ta bushe a hannunta, Baba a bayanta har yanzu da adda don ya manta yana riƙe da ita, sai masu babura kusan goma sha biyar a ƙafa, sai 'yan kallo. Tafiyar ba ta fi minti biyar ba. Muna shan kwanar lungun na ga tulin itacen gidan burodi jingine da katanga, rabinsa ƙananan rassa ne da ake hura tanda da su. Ƙasan wurin kuwa fari fat, kamar an watsa ashana. Inna ta sunkuya ta ɗauko reshe ɗaya ta ɗaga. Ga su nan bibbiyu, dogaye, farare. Sawun tayoyin babura ya ratsa ta tsakiyarsu.

Mai gidan burodi ya fito yana goge gari a hannu, ya ga taro ya tsorata. Da aka yi masa bayani ya riƙe baki. Ya ce wata uku ke nan da ya sauya mai kawo masa itace, kuma da can ba mai bin lungun sai kaji, shi ya sa bai damu da shara ba. Nan take ya aika a kawo tsintsiya.

Ba-Birki bai gama sallamawa ba. Ya ce, "To me ya sa sai a ƙofar Baba iska ke ƙarewa?"

A nan Baba ya yi magana, kuma ita ce mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa a gaban jama'a. Ya karɓi reshen a hannun Inna yana juyawa. Ya ce siririyar ƙaya in ta shiga sai ta karye a ciki, guntun ya toshe hujin da ya yi, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Mutum zai fita lungu, ya hau titi, ya yi 'yar tafiya kafin ya ji babur na rawa. Ya auna nisan da ido, daga lungu zuwa kwana, daga kwana zuwa rumfa. Ya ce, "Daidai ƙofata ke nan." Ya sake cewa, "Daidai ƙofata." Sai ya zauna a kan wani gungume, ya ajiye adda, ya rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka yake yi. Da ya buɗe na ga dariya ce, marar sauti, kafaɗunsa na rawa, yana ta maimaita alhamdu lillahi.

Ba-Birki ya cire hularsa ya tsuguna a gabansa, duk girman jikin nan. Ya ce, "Baba, bakina ne. Ka san sunana." Baba ya ce ya tashi, ai shi ma da kansa ya zargi kansa, balle wani. Masu babura suka karɓe tsintsiyar daga hannun ma'aikatan gidan burodi suka share lungun tas. Kafin azahar babura uku na layi a rumfa, Baba ya koma baƙi har gwiwar hannu, yana zaro guntu yana cewa a buɗe hannu.

Da yamma, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ya shigo gida ya zauna a tabarma a tsakar gida. Inna ta kawo abinci ya cinye, ta ƙaro ya cinye. Ina zaune a gefe ina kallonsa kamar ban taɓa ganin mutum na cin abinci ba. Ita kuwa ta kasa zama. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta gyara wancan. Can ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, akwai maganar da zan faɗa, ka yi haƙuri da ni."

Ya ɗago.

"Tun ranar Talata na sani. Da na duba gwangwanin nan na gane ba taka ba ce. Sai zuciyata ta ce mini, yi shiru, kwana biyu ne, ya sare su ki huta da ɗinkin zane. Na ce in ya sare sai in faɗa, sunansa ya dawo, ƙaya ta tafi. Yau da na ji ƙarar addar nan, na leƙo na ga bayanka, sai na kasa."

Na buɗe baki, don ni a lokacin raina ya ɓaci ƙwarai. Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ai na gan ki," in ji shi. "Don ke na shigo da gwangwanin. Na ce duk garin nan babu wanda ya san ƙaya kamarki, in ba tawa ba ce za ki faɗa. Ina wanke fuska ina kallonki ta tsakanin yatsu. Na ga kin ɗauka, kin kankare, kin mayar, kin yi shiru. Sai na ce shi ke nan, tawa ce, nauyin faɗa mini kike ji. A ranar na yanke shawarar sarewa."

Inna ta nemi kujera ta zauna. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Me ya hana ka tambaye ni, bawan Allah?"

"Tsoro," in ji Baba. "Kowa ya ce tawa ce zan iya ɗauka. Ban da ke."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi a gabanmu. Ya bar ta sai da ta lafa, sannan ya wanke hannu a kwano, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

"Share hawayenki," ya ce. "Ice ɗaya na rasa. Da safen nan na ɗauka shekara arba'in na rasa."